Faifai Bakwai da Gonar Surukina

A ƙarshen shekarun casa'in ina aiki a wani asibitin mishan da ke bakin babbar hanya, ba nisa da Madawa. Ni ba likita ba ne, ko jini na gani sai na nemi wurin zama. Aikina kula da ordinatar, na'urar da ake zuba sunayen majinyata da bayanin magungunan farmasi a cikinta. A garinmu Tama babu wanda ya damu da wannan bambanci. Tunda dai ina sa riga mai aljihu kuma a asibiti nake kwana, to mushe nake, sunan da muke kiran ma'aikacin boko da shi, kuma duk ranar da na je gida sai tsofaffi sun zo sun nuna mini inda ke musu ciwo. Ni kuma, Allah ya yafe mini, nakan ɗan latsa wurin in gyaɗa kai.

Na'urar tana cikin wani ƙaramin ɗaki bayan farmasi, ɗaki ɗaya tilo da ke da kilim mai hura sanyi a duk ɓangarenmu. Wani Bature injiniya ne ya kafa ta, shi ya koya mini abin da na sani. A gefenta akwai akwatin ƙarfe mai ramuka, kowane rami da faifai a ciki, abin da muke ce wa disk, kowane faifai kuma da ƴar fitilarsa kore. Baturen ya bayyana mini cewa duk abin da aka rubuta ana rarraba shi tsakanin faya-fayan, a kuma bar wata alama ta ƙari, ta yadda in ɗaya ya mutu sauran za su iya haɗa kai su gano abin da ke cikinsa. Sai a zare mataccen, a sa sabo wanda babu kome a kansa, su cika shi. Amma ya ɗaga mini yatsa ya ce in biyu suka mutu kafin a gama cika sabon, shi ke nan, kome ya tafi.

Lokacin faifai uku ne kawai a akwatin. Na taɓa ganin ɗaya ya mutu. Da hantsi muka sa sabo, muka haɗa shayi, kafin a kira azahar fitilu sun koma kore duka. Abin ya burge ni ƙwarai, har na riƙa ba da labarinsa a tasha kamar ni na ƙera shi. Bayan haka wasu masu taimakon asibitin suka aiko da kaya, Baturen ya cire ƙananan faya-fayan ya jera manya guda bakwai. Da damina ta kama ya tafi hutu ƙasarsu, ya bar mini makulli da faifai ɗaya na ajiya a cikin kwali.

A wannan daminar nake neman aure. Yarinyar ƴar wani ƙauye ce gaba da Tama kaɗan, kuma ni da ita mun riga mun gama magana. Ubanta ne bai gama da ni ba. Manomi ne na gaske, mai gero da dawa har rumbu ya yi masa kaɗan, kuma ba ya ɓarnar magana. Manyana sun je sun gaishe shi, ya karɓe su da mutunci, bai ce e ba, bai ce a'a ba. Abin da ya dawo kunnena ta bakin mata shi ne ya tambaya ko mai aikin zaune yana iya ciyar da mace ranar da Nasara ya naɗe tabarmarsa. Na ji haushin maganar nan, don kuwa na yi noma tun ina yaro, lakwal ce, wato makarantar boko, ta raba ni da hauya.

A wajenmu akwai hanyar amsa irin wannan tambaya. Mai neman aure yakan kai gayya gonar uban yarinya lokacin noman farko. Ya tara abokansa, ya ɗauki makaɗi, ya kawo goro da taba, gidan yarinya su dama fura. Abokai su ne ƙarfin aikin, amma ido yana kan mutum ɗaya. Shi ke tsayawa a layin farko, shi ke fara sara, kuma uban yarinya yana daga bakin gona yana kallon yadda yake duƙawa da yadda yake tashi. In wani uzuri ya hana shi, ɗan'uwansa na jini ke tsaya masa. Ni ƙanena yana Abijan neman kuɗi. Mahaifinmu kuwa ya daɗe da barin noma saboda ciwon baya, ƴaƴan ƙannensa ke riƙe masa gona. Don haka babu batun wakili, ni ne dai da kaina. Aka sa ranar Asabar. Babban abokina ya zaga ya gaya wa samari, ni kuma na sayi goro mai kyau a Madawa na naɗe cikin jiƙaƙƙen buhu, na shirya hawa motar Juma'a.

Ranar Alhamis da la'asar akwatin ya fara kuka. Na shiga na iske fitila ɗaya ta koma ja. Ban ko ji ɗar ba. Na zare mataccen, na fasa kwali, na sa sabon, wani siririn layi ya fito a allon na'urar wanda zai riƙa cika har aikin ya ƙare.

Shef ɗin biro ɗinmu, wato shugaban ofis, ya leƙo. Kirista ne, dattijon ikilisiya, mutumin Adar kamar ni, kuma ƙanena yake ce mini. Ya san da maganar gayyar, har ya yi mini ba'a cewa in kai man kaɗanya saboda kantar hannu.

"Ƙanena, abin ga na ƙarewa kahin ka tahi?"

Na yi dariya. "Shef, da suna uku ma rabin yini yai musu. Yanzu su shida za su taru bisa guda. Hannu da yawa maganin ƙazamar miya."

Haka na ɗauki abin har cikin zuciyata. Ni da nake shirin gayya, ina kuwa zan ga faifai shida sun kewaye ɗaya in yi tunanin wani abu daban? A gona in ka ninka mutane ka rage yini, kowane yaro ya san haka.

Da safiyar Juma'a na zo da jakata a kafaɗa, niyyata in duba in wuce tasha. Layin ko kwata bai kai ba. Na ajiye jakar na zauna. Ma'aikatan farmasi suka buɗe taga suka fara aiki, kuma duk lokacin da suka nemi sunan wani majinyaci sai in ga layin ya ƙara nawa, su ma suna ta ƙorafin na'ura ta yi nauyi. Na ce ba kome, akwai motar yamma. Kafin azahar hadari ya haɗo, iska ta taso, kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke. Batirin da ke riƙe na'urar kafin a tada gurup, wato janareta, ya tsufa, ya yi ƴan ƙugi ya mutu. Da wuta ta dawo na kunna, layin ya koma farko, babu ko ɗigo.

Na fita na sami shef a baranda. Ya saurare ni har na gama, sannan ya tambaye ni abin da zai faru in kuran ya sake ɗaukewa. Na ce sai an yi maza an cire allo da injin buga takarda da duk wani abu mai jan wuta, ko batirin zai kai a tada gurup. Ya ce in wata fitilar ta yi ja fa? Na ce to sai a tsayar da kome nan take, a san abin da za a fara kwashewa.

"Wa ya iya wanga bayan kai?"



"Ba ni tilasta ka, ƙanena," in ji shi. "Aure ba wasa ba na. Amma akwai masu tarin huka da munka ɗora bisa magani wata da watanni, ba mu san adadin kowa ba sai cikin abin ga. Ka yi abin da ranka ya ba ka, ni ba ni riƙe ka da kome."

Da ya yi mini tsawa da na ji daɗi, da na sami wanda zan ɗora wa laifi a Tama. Na tafi tasha da buhun goron, na ba direban motar yamma, na roƙe shi ya kai wa abokina ya ce masa aiki ya riƙe ni, a ba mai gona haƙuri, in da hali a ɗaga ranar. Na san ba a ɗagawa. An yi ruwa, ƙasa ta yi laushi, ciyawa ba ta jiran kowa, kuma an riga an jiƙa geron fura. Direban ya dube ni ya dubi buhun ya ce, "Mushe, goro na noma?" Ƴan cikin mota suka kwashe da dariya.

Ranar Asabar ita ce ranar da ba na son tunawa. Da a ce aiki nake yi, ina ɗaga wani abu ko ina zufa, da da sauƙi. Zama kawai nake a kujera mai laushi, sanyi na busa mini ƙeya, ina kallon fitilu. A nan ne na lura da abin da ban taɓa lura da shi ba. Faya-fayan ba tare suke ƙyaftawa ba. Wannan ya ƙyafta, sai na kusa da shi, sai na gaba, har a zagaye shidan, sannan sabon ya ƙyafta sau ɗaya. Na zagaya bayan akwatin na duba. Waya ɗaya ce mai faɗi ta bi ta bayansu duka. Ashe duk ɗan guntun da za a rubuta wa sabon sai an tambayi kowane ɗaya daga cikin sauran abin da ke hannunsa, kuma amsoshin duka ta wannan waya ɗaya za su bi, ɗaya bayan ɗaya. Da suna uku, biyu ake tambaya. Yanzu shida ake jira, ga shi kowane ya fi na da girma nesa ba kusa ba. Abin ya fi kama da rijiya mai guga ɗaya, inda yawan masu tulu tsawon layi kawai yake ƙarawa. Kuma duk tsawon jiran nan tsofaffin shida suna aiki ba hutu, ga zafinsu ina ji a tafin hannuna, kowane cikinsu yana iya cewa ya gaji. Na gane abin sarai, a ranar da ganewar ba ta da amfanin kome gare ni.

Matar shef ta aiko mini da shinkafa da miyar nama. Ina cikin ci ke nan, ƙafa ɗaya kan ɗaya, sai na ji an ƙwanƙwasa gilashin taga. Wata dattijuwa ce ƴar unguwarmu a Tama, ta kawo jikarta awo. Ta kare fuska da hannu tana leƙowa. Na buɗe tagar, sanyin ɗakin ya buge ta har ta ja baya.

"Mushe, ashe kana nan? Ba yau ta gayyarka ba?"

"Yau ta, Inna. Aiki yar riƙe ni."

Ta dubi kwanon shinkafa, ta dubi kujerar, ta dubi allon da babu abin da ke motsi a kansa.

"Wane aiki?"

Na buɗe baki in yi mata bayani. Me zan ce? Ina gadin faifai shida suna cika na bakwai? Na ce mata injin ne ba shi da lafiya. Ta ce Allah ya ba shi lafiya, da irin muryar da ake gaida mahaukaci, ta ja jikarta suka wuce. Na san kafin rana ta faɗi labarin zai riga ni isa gida, har da naman da ke cikin miyar. Na rufe kwanon na ture shi gefe.

Sai ranar Lahadi da hantsi layin ya cika. Ana waƙa a majami'a, na ga jar fitilar ta koma kore. Babu abin da ya ɓace. Shef ya fito daga sujada ya riƙe hannuna da hannu biyu yana sa mini albarka, ya ce in tafi, in dawo ranar da na ga dama. Ban ji daɗin kome ba. Na ɗauki jakata na nufi tasha.

Abokina na tarar a bakin kasuwar Tama, kamar dai ni yake jira. Bai miƙo mini hannu ba.

"Goro ya iso," ya ce. "Saƙo ya iso."

"An yi gayyar?"

"An yi."

"Wa yat tsaya layin hwarko? Kai?"

"Ni ɗan'uwanka na? Zamna in gaya maka."

Muka zauna a kan wani kututture. Ya ce da saƙona ya zo ya rasa yadda zai yi, sai ya je ya gaya wa mahaifina, don a san abin da za a faɗa wa mutane. Tsohon ya ce to, ya ji.

"Da sahe munka taru bakin gona. Makaɗi ya rataya ganga, mata sun aje hura ƙarƙashin gawo, mai gona na tsaye shina diban hanya. Ina shirin in tahi in ba shi haƙuri, sai munka hangi jaki. Tsohonka na bisa, da hauyatai."

Na ce, "Wane tsoho?" Kamar ina da biyu.

"Ya sauka da ƙyar. Mai gona ya sheƙo ya riƙe ƙotar hauya, ya ce haba Malam, wagga ba taka ba ta, ka zamna inuwa yara su yi. Tsoho ya ce alkawalin ga daga gidanai yah hito, kuma wurin yaro ba ya zama wohi shina raye. Sun ja hauyar nan su biyu, dattawa, gaban mutane. Daga baya mai gona ya saki."

Ya ce makaɗin ya ɗaga sandar kiɗa zai buga, sai ya rasa me zai buga. Kirarin samari ne a bakinsa, na zuga da na tsiya, wanda ake cewa wane ya bar wane a baya, babu ɗaya da za a yi wa sa'an kakansa. Ya sauke gangar. Haka aka yi gayyar tun safe har rana ta take babu kiɗa babu ihu, samari fiye da yadda na zata, ba ka jin kome sai ƙarar ƙarfe a ƙasa. Kowa ya riƙa rage hannu don kada ya wuce tsohon da nisa, duk da haka sai da suka wuce shi. Abokina ya ce shi dai tunda yake zuwa gayya bai taɓa shan furar da ta ƙi shiga ba sai ranar.

Na shiga gida kaina a ƙasa. Mahaifiyata tana tsakar gida, ta amsa gaisuwata ba ta dube ni ba, ta dangwarar da ƙwaryar ruwa a gabana har ya fantsama. Mahaifina yana kwance a rumfa ta gefe ɗaya, an tokare masa baya da matashi, warin man zafi ya cika wurin. Ni ne ɗan farinsa, bai taɓa kiran sunana ba, kuma ba ma doguwar hira. Na durƙusa daga nesa na gaishe shi.

"An iso?"

"Na iso, Baba."

"Injin naku ya samu lahiya?"

"Ya samu."

"An ce sunan marasa lahiya na cikinai, da maganinsu."

"Haka na, Baba."

"To ka kyauta da kat tsaya."

Ya juya fuska wajen zana. Na jira ko zai ce wani abu game da gonar, ko da zagi ne. Bai ce ba, ranar ko wata rana. Na yi niyyar in ce masa ya yafe mini, sai na fasa, don a gidanmu ba a saba irin wannan magana tsakanin ɗa da uba ba. Na tashi na fita, kunya kamar ta kashe ni.

Washegari da sassafe na ari hauya na tafi ƙauyen. Ban san abin da zan tarar ba. Ina tafe ina shirya jawabin ban haƙuri, ina kuma shirya yadda zan karɓi kayan gaisuwarmu in an ce in kwashe. Uban yarinyar yana gonar. Na cire takalmi na tsuguna. Ya amsa gaisuwar a taƙaice, ya dubi hauyar da ke kafaɗata, ya ce in biyo shi.

Muka ratsa gonar. An nome ta tas, geron ya miƙe, ciyawar da aka sare ta bushe a tsakanin layuka. Muka kai can gefen gabas, inda layi ɗaya ya fita daban da sauran, da tsirarun ciyayi a tsaye nan da can.

"Nan tsohonka yan noma," ya ce. "Samari sun so su bi bayanai su gyara, na hana. Na ce mai wurin na zuwa."

Na fara jawabina. Ya ɗaga hannu.

"Yarinya na ba ku. Tun shekaranjiya na ba ku, gaban mutane. Amma ka sani, ba kai nid duba ba."

Ya juya ya koma can ɗaya gefen, ya bar ni da layin.

Na duƙa na fara. A farkon layin babu abin gyara. Saran ya shiga ƙasa sosai, a miƙe, an tara wa kowane gindin gero ƙasa yadda ya kamata, aikin wanda ya yi shekaru yana yi. Da na yi gaba sai saran ya fara zama sama-sama, ana tsallake ciyawa ɗaya a sare ɗaya. Wajen tsakiya na ga inda aka kafa ƙotar hauya a ƙasa aka dogara da ita, rami ne mai zurfi. Ba a sake yin ruwa ba tun ranar, don haka ƙasar ta riƙe kome yadda aka bar shi.

Gaba kaɗan sawun ƙafa ya ɓace. A maimakonsa sai wasu ƴan ramuka biyu-biyu, gefe da gefe, an ja su gaba kaɗan, an sake ja, an sake ja. Na tsaya ina kallo ban gane ba, sai da na ɗaga kai na ga sun tafi a jere har bakin iyaka. Daga nan har ƙarshen layin da gwiwa ya ƙarasa.

Na kasa sa ƙarfe a wurin. Na ajiye hauyar, na durƙusa a gefen sawun, na riƙa cire ciyawar da hannu ina kuka, ina roƙon Allah kada surukina ya waiwayo.